Madogara Mai Ƙafa Uku

"To, Lauya, duk na ji. Amma ina madogararka?"

Amarya na bayan labule tana tsintar shinkafa lokacin da tambayar ta faɗo kunnenta. Labulen nan shi kaɗai ya raba ɗakinsu da shagon askin mijinta, don haka babu maganar da ake yi a kan kujerar aski ba ta ji ba. Mai tambayar Baba Hedimasta ne, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya amma jan biro bai yi ritaya daga aljihunsa ba. Mutum ne da ba ya iya wuce takarda a ƙasa. Ko ta ƙunshin sabulu ce sai ya duƙa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara mata kuskure, sannan ya yar.

Wanda aka tambaya kuwa maigidanta ne. Bai taɓa taka ƙofar kotu ba, amma ya yi shekara biyu yana yi wa wani lauya aski, kuma a cewarsa duk wanda ya riƙe kan lauya sau biyu a wata, dole wani abu ya maƙale masa a hannu. Tun daga nan sunan ya bi shi.

Ta ji almakashi ya tsaya. Ta san wannan shirun. Shi ne shirun da maigidanta ke yi idan kalma ta wuce ta saman kansa yana neman inda zai cafko wutsiyarta.

"Madogara?" in ji shi. "Ai tana nan tafe, Baba. Irin wadda ba a taɓa gani ba a layin nan."

Rigimar a kan tankin shara ce, ƙaton durom na ƙarfe da ke bakin layi, daidai ƙofar shagon Kafinta. Kafinta ya ce ya gaji da wari, a ɗauke shi a kai ƙarshen layi. Ƙarshen layi kuwa ba ko'ina ba ne illa ƙarƙashin tagar Amarya, taga ɗaya tilo da ɗakin ke da ita, inda take zama ta sha iska tana kallon masu wucewa. Ga shi wata biyu ke nan ko warin ashana sai ya tayar mata da zuciya, bisa wani dalili da ita da mijinta kaɗai suka sani. Shugaban layi, tsohon direban babbar mota mai son tsari, ya ce ya gaji da cacar baki. Ranar Asabar da yamma kowane ɓangare ya rubuto hujjarsa a takarda, ya karanta a gaban jama'a, a ɗaga hannu, a wuce wurin.

"Bari in ƙara maka bayani," in ji Baba Hedimasta daga cikin kumfar sabulu. "Ka fara da matsayarka, jimla ɗaya tak, kowa ya san inda ka dosa. Sai ka tsayar da ita a kan ƙafa uku, wato hujja uku, kowacce abin da mutum zai je ya gani da idonsa ko ya auna da hannunsa. Sannan ka ɗauko maganar abokin hamayyarka, wadda ta fi ƙarfi, ka faɗe ta da gaskiya, ka ba ta amsa. Sai ka rufe bakinka. Kana ji na kuwa?"

"Kamar a tafin hannuna, Baba."

Ta 'yar tsagar labule Amarya ta ga abin da yake yi. Madubi yake kallo, ya ɗaga reza sama, yana gwada yadda zai nuna Kafinta da yatsa ranar Asabar. Cikin duk bayanin nan, abin da ya shiga kunnensa bai wuce "ƙafa uku" da "ƙarfi" ba. Ita kuwa ta ajiye farantin, ta maimaita sauran a zuciyarta har sau biyu.

Tsohon na fita ya bankaɗo labule.

"Amarya, kin san madogara?"

"Kamar na ji Baba yana cewa..."

"Ba tambayarki nake ba, sanar da ke zan yi. Kin taɓa ganin babban mutum a talabijin yana jawabi hannunsa na reto kamar mai jiran mota? Akwai wani abu da ake ajiye masa a gaba, ya ɗora takarda, ya dogara a kai. To shi ne madogara. Baba ya ce a yi mata ƙafa uku, masu ƙarfi."

"Maigida, ni kamar hujja na ji yana nufi."

"Hujja ai a bakina take kwana. Ke dai aji shida kika yi, ki bar wa manya harkar manya. Ranar Asabar Kafinta zai zo da takarda a hannu tana karkarwa, ni kuma in zo da madogara. Kafin in buɗe baki an gama shari'a."

Ta ce to. Kalmar da ta fi yawan faɗa ke nan tun da aka kawo ta gidan.

Matsala ta farko ita ce kafinta ɗaya ne a layin, kuma shi ne abokin gaba. Lauya ya ce wannan ba komai ba ne, wanda ya iya daidaita gefen kai ba zai kasa daidaita katako ba. Ƙafar farko ya samo ta daga sandar goge daɓe. Ta biyu ya zaro ta daga ƙarƙashin katifarsu. Ta uku ya ɓalle ta daga bencin da masu jiran aski ke zama, ya ce ƙafa huɗu ga benci ai almubazzaranci ne. Guduma babu, sai ya ɗauko dutsen gugar Amarya.

Saura abin ɗorawa a sama. Ya zagaya bayan ɗaki ya dawo da wani faffaɗan murfin ƙarfe, zagayayye, wanda suke rufe duron ruwansu da shi.

"Maigida, wannan fa murfin tankin shara ne."

"Da can."

"Tun watan da iska ta jefo shi nake cewa a mayar."

"Ni na ɗauko? Iska ce ta kawo. In tana so ta zo ta mayar da abinta. Ba ni zanen teburin nan mai furanni, in an lulluɓe ko wanda ya ƙera shi ba zai gane shi ba."

Ranar Laraba tun da hantsi aka fara jin ƙara daga shagon aski. Kafinta ya zo wucewa da katako a kafaɗa, ya tsaya ya saurara.

"Lauya, ƙusa kake bugawa ko ita ke bugun ka?"

"Wuce, ranar Asabar za ka ga abin da nake bugawa."

"Na ji ka buga sau tara, ka yi salati sau huɗu. In kana son aron guduma ka yi magana, maƙwabtaka ba ta ƙare ba."

"Riƙe gudumarka. Ka je ka koyi haɗa jimla."

Bugu na goma a kan babban yatsansa ya sauka. Amarya ta naɗe masa shi da tsumma har ya koma kamar kan muciya. Da wannan hannun ya karɓi Tela, wanda ya zo a rage masa gashin baki. Lauya yana aiki yana bitar jawabinsa, da ya zo wurin "ya ku jama'a masu daraja" sai ya buɗe hannu kamar yadda ya gwada a madubi. Rabin gashin bakin Tela ya sauka a cinyarsa.

Tela ya daɗe yana kallon madubi.

"Shekara goma sha ɗaya nake kiwon sa," ya ce a hankali.

"Yanzu haka ake yayi. Bari in daidaita ɗaya ɓarin."

"Kada ka taɓa. Haka zan je taron, kowa ya ga aikin mai son a saurare shi."

Bai gama fita ba Mai Faci ya shigo da ƙibarsa, ya zauna a ƙarshen benci, daidai inda ƙafa ta huɗu take a da. Bencin ya miƙe tsaye kamar zai gaishe shi, Mai Faci ya tafi ƙasa da kwanon kumfa a ƙirji. Daga bayan labule Amarya ta lanƙwasa yatsu biyu. Hannu biyu ke nan sun tafi wurin Kafinta.

Ranar Alhamis Lauya ya zauna a bakin gado zai sa takalmi, katifa ta haɗiye shi ta gurbin katakon da ya zare, sai ƙafafunsa ake gani. Da ta jawo shi, abin da ya fara cewa shi ne, "Kin ga aikin Kafinta ko? Shi ya haɗa gadon nan. Zan sa wannan a jawabi."

Ita kuwa maganar Baba Hedimasta ta ƙi barin kanta. Abin da mutum zai gani da idonsa ko ya auna da hannunsa. Shekara guda tana zaune a tagar nan, babu abin da ke motsi a layin ba ta san lokacinsa ba. Da safe, da ta fita ɗibar ruwa a famfo, sai ta tafi da igiyar shanya a cikin bokiti. Motar kwasar shara ta zo jiya, sawun tayarta na nan a laka a bakin layi. Ta taka har can, ta duƙa kamar mai gyara takalmi, ta auna faɗin sawun, ta ƙulla igiya. Ta dawo tsakiyar layi inda turken wutar lantarki ya matse hanya da katangar Tela, ta sake aunawa. Igiyar ta yi rara da taƙi biyu.

Da rana, Lauya na can yana fama da ƙusa, ta yage shafin kalandar watan da ya wuce, ta juya bayansa, ta ɗauko fensirin da take ajiyewa a gwangwanin allura. Rabonta da rubuta abin da ya wuce layi biyu tun tana makaranta. Ta rubuta, ta goge da ɗan yatsa, ta sake. Ba don kowa take yi ba, so take kawai ta ga ko abin zai tsaya da ƙafafunsa.

Da ta kawo masa abinci ta gwada sa'arta.

"Maigida, da za ka ce musu motar shara ba ta iya..."

"Mota? Ana maganar martaba da mutunci kina maganar mota? Saurari wannan." Ya zaro takardu shida daga aljihu, ya karanta mata shafin farko. Ta saurara har ƙarshe ba ta ji an ambaci tanki ba.

"Ya yi daɗi," ta ce. "Amma Baba ya ce a faɗi maganar Kafinta ma, a ba ta amsa."

"In faɗi maganarsa? Shi ba shi da baki?"

Ranar Juma'a aka yi gwaji a tsakar ɗaki. Madogara ta tsaya, in dai ba a taɓa ta ba. Sandar goge daɓe ta fi sauran tsawo, ƙafar benci ta fi gajarta, katakon gado kuma ya karkace kamar yana son komawa inda ya fito. Lauya ya ɗora gwiwar hannu, ta durƙusa. Ya ƙara ƙusa uku, ya sake ɗorawa, ta sake durƙusawa.

"Daɓen ɗakin nan ne ba daidai ba," ya ce. "A waje za ki ga ikon Allah."

Ranar Asabar da yamma aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Shugaba, maza a gaba, mata a gefe a inuwar katanga. Amarya ta zauna can baya ta ja mayafi. Tela ya zo da rabin gashin bakinsa ya zauna a sahun farko inda kowa zai gani.

Kafinta ya fara. Takardarsa ba ta kai tafin hannu biyu ba, kuma da fensirin awon katako ya rubuta ta.

"Ni ban iya dogon zance ba. Tankin nan a ƙofata yake. Wari ya hana ni cin abinci a shago. Mutum ya zo duba kujera, ƙuda ya raka shi har gida. Wanda bai yarda ba ya zo ya yini da ni gobe. Na ɗanɗana, wani ma ya ɗanɗana. Shi ke nan."

Kawuna suka gyaɗa. Amarya ta san maganar ta tsaya da ƙafafunta.

Sai ga Lauya ya fito daga shago cikin rigarsa ta zuwa biki, rungume da wani abu lulluɓe da zane mai furanni. Ya dire shi a tsakiyar fili. Abin ya yi tangaɗi, ya sunkuya wajen Shugaba kamar mai gaisuwa.

"Amarya, samo min takarda in tokare ƙafar nan."

Ta taso kanta a ƙasa, ta zaro wata takarda a ninke daga jakarta, ta miƙa masa da hannu biyu, ta koma wurinta. Ya cusa ta ƙarƙashin gajeriyar ƙafa ko kallo bai yi mata ba. Ya jera shafukansa shida, ya gyara murya.

"Ya ku jama'a masu daraja. Tun kafin a ƙirƙiri shara, ɗan Adam yake da hanci."

"Wannan gaskiya ne," in ji Mai Faci. "Ci gaba."

"Masana sun tabbatar da cewa kashi tamanin da tara cikin ɗari na ƙudajen duniya sun fi son ƙanshin katako a kan na man gashi. Saboda haka ko an kai tanki ƙarshen layi, ƙuda wurin Kafinta zai dawo."

"Wa ya ƙirga su?" in ji Tela.

"Masana."

"Na ina?"

"Na ƙasashen waje. Ba ka san su ba."

"Su ne suka ce a riƙa aske rabin gashin baki?"

Aka kwashe da dariya. Lauya ya tsallake shafi biyu, ya shiga tarihin kakansa wanda a cewarsa bai taɓa zama kusa da juji ba, daga nan ya gangaro kan gadon da Kafinta ya haɗa, wanda ya ce ya kusa hallaka shi shekaranjiya.

"Katako bakwai na sa wa gadon nan," in ji Kafinta. "Je ka ƙirga. In bakwai ne, na yarda a bar min tankin har abada."

Lauya ya juya shafi da sauri.

Baba Hedimasta ya ɗaga jan bironsa. "Ɗana, mun ji masana, mun ji kakanka, Allah ya ji ƙansa. Har yanzu ban ji matsayarka ba. Kuma tambayata ta ranar nan tana nan. Ina madogararka?"

Fuskar Lauya ta washe. Wannan lokacin yake jira tun ranar Talata. Ya ja da baya taku ɗaya, ya nuna abin da ke gabansa da hannu biyu.

"Ga ta, Baba. Ƙafa uku, kamar yadda ka ce. Wanda yake shakka ya zo ya gani da idonsa, ya auna da hannunsa."

Baba Hedimasta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan ce madogarar?"

"Kafinta yana da irinta? A tambaye shi."

"Wallahi ba ni da ita," in ji Kafinta. "Ko a mafarki ban taɓa haɗa irinta ba."

Lauya ya ɗauka yabo ne. Ya ɗora gwiwar hannu biyu a kai, ya saki nauyinsa gaba ɗaya irin na manyan talabijin, ya buɗe baki zai ce "a ƙarshe". Sandar goge daɓe ta yi gabas, ƙafar benci ta yi yamma, katakon gado ya kwanta inda yake. Lauya ya bi su da haɓa. Zane mai furanni ya rufe masa kai, shafuka shida suka watse, murfin ƙarfe kuwa ya faɗi a kan gefensa ya fara gangarawa. Ya wuce Shugaba, ya wuce Tela, ya yi kewaye ɗaya a gaban mata, ya je ya kwanta a ƙafar Kafinta yana ƙara kamar faranti.

Kafinta ya duƙa ya ɗaga shi. Ya juya shi, ya shafa mariƙin.

"Wannan mariƙin ni na ɗaura shi da hannuna. Jama'a, murfin tankinmu ne. Wata biyar ina zargin masu sayen tsohon ƙarfe."

"Iska ce..." in ji wata murya daga ƙarƙashin zane.

"Iskar ce ta buga masa ƙusa?"

Mai Faci kuma ya ɗauko ƙafar benci yana jujjuya ta. "Ni ma na gane wannan. Bayana ya san inda ta baro."

Amarya ta ja mayafi har kan hancinta. Kunya ta rufe ta, tausayinsa ya kama ta, ga kuma dariya tana yi mata susa a maƙogwaro. Shugaba ya ce shi kam ya ga abin da ya ishe shi, masu son a kai tanki ƙarshen layi su ɗaga hannu. Hannun Tela ya riga kowa. Ta dubi tagarta daga nesa, ta ji kamar warin ya riga ya iso.

"Dakata, Shugaba."

Baba Hedimasta ne. Ya taso zai taimaka a ɗaga Lauya, sai idonsa ya faɗa kan wata takarda a ninke, a inda gajeriyar ƙafa ta tsaya ɗazu. Ya duƙa ya ɗauka, kamar yadda duk layin ya san zai yi. Ya warware, ya karanta a zuci, girarsa ta ɗaga. Sannan ya karanta a fili.

"Kada a kai tanki ƙarshen layi, a bar shi inda yake a rufe shi. Na ɗaya, motar shara ba za ta kai can ba. Tsakanin turken wuta da katangar Tela ya fi sawun tayarta matsi da taƙi biyu, an auna da igiya, kowa zai iya aunawa. In mota ba ta je ba, shara za ta taru. Na biyu, in an yi ruwan sama, daga ƙarshen layi yake gangarowa ya bi ƙofar kowa. Takalmin robar da ruwa ya ɗauka a can, a ƙofar Shugaba aka tsince shi, kowa ya gani. Abin da ya kawo takalmi zai kawo shara. Na uku, famfon da duk muke sha taku biyar ne daga wurin. Kafinta ya ce wari ya dame shi, kuma gaskiyarsa ne, babu wanda zai so haka a ƙofarsa. Amma shekara huɗu tankin na nan, a bakin shagonsa yake cin abinci, bai daina ba sai watan da murfi ya ɓata. Ashe ba wurin ne matsala ba, murfin ne. A mayar da murfi a ɗaure shi da sarƙa. Iyakar maganar ke nan."

Hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Shugaba ya tashi ya taka har wurin turken wuta, jama'a na biye. Ya tsaya ya buɗe hannuwa, ya rufe ido ɗaya, ya dubi katanga.

"Shekara talatin na yi a sitiyari," ya ce. "Ko ni ba zan shigar da ita nan ba, sai dai in tafi da katangar Tela."

"A bar tanki inda yake," in ji Tela nan take.

Kafinta ya sosa ƙeya. "Maganar abinci gaskiya ce. Ni kaina ban lura ba sai yanzu. In za a rufe, ni zan yi masa maratayi. Amma wanda iska ta kai wa shi zai wanke shi."

Haka aka yanke, babu hannu ko ɗaya da ya saɓa. Baba Hedimasta ya ɗaga takardar sama.

"Ga madogara, ashe a ƙarƙashin ƙafa take. Babu sa hannu. Wa ya rubuta?"

Lauya ya riga ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya dubi takardar, ya dubi fuskokin mutane, ya ga inda iska ke kaɗawa.

"Baba, daga ƙarƙashin madogarar wa ta fito? Dabara ce irin ta kotu. Ka fara gajiyar da abokin hamayya, sannan ka fito da ainihin makami."

"Faɗuwar ma dabara ce?" in ji Mai Faci.

"Da ban faɗi ba, da takardar ta fito?"

"To maimaita mana hujja ta biyu," in ji Baba Hedimasta.

"Abin da aka riga aka karanta a gaban shari'a ba a maimaita shi."

Tsohon ya yi murmushi, ya zare jan biro, ya rubuta wani abu a saman takardar. "Tara bisa goma. Ɗayan na cire ne don marubucin ba ya yi wa ƙ lanƙwasa, ya rubuta karshe maimakon ƙarshe har sau biyu." Ya ninke ta, ya wuce hannun Lauya da ke miƙe, ya taka har inuwar katanga. "'Yata, ajiye wa maigidanki. Kin fi shi sanin inda ake ajiye abu."

Ta karɓa da hannu biyu, ba ta ɗago ba.

Kafin rana ta faɗi an wanke murfi an rufe tanki, katakon gado ya koma gurbinsa, Kafinta da kansa ya mayar wa benci ƙafarsa yana tsaki. Amarya na zaune a tagarta, iska mai daɗi na shigowa. Ta bayan labule tana jin maigidanta yana ba masu jiran aski labari, kuma a wannan karon da gangan ya sassauta ƙusoshin.

"Amarya, gaya musu irin wahalar da na sha a kan aikin nan."

"Ka sha wahala, Maigida," ta ce. Ba ƙarya ta yi ba, yatsan na nan a naɗe.

Ta buɗe jakarta. Tsohuwar jaridar da ta tafi da ita don tokare ƙafar tana nan a ninke, kusa da inda shafin kalanda yake ɗazu. Takardu biyu ne a jakar lokacin da ya kira ta, kuma ta san wadda hannunta ya zaɓa. Ta san madogarar da ta durƙusa sau biyu a ɗaki ba za ta ƙi ta uku a waje ba, ta kuma san tsohon da ba ya wuce takarda a ƙasa.

Ta ɗauko fensiri, ta bi ƙ ɗin nan guda biyu ta yi musu lanƙwasa, ta daɗe tana kallon jan tara ɗin. Sannan ta ninke takardar ta tura ta can ƙasan akwatinta, ƙarƙashin 'yan kayan jarirai da ta fara tarawa. Ba za ta gaya wa kowa ba, ko shi, ko innarta, ko matan famfo. In kuma wani ya zarge ta, tambaya ɗaya za ta yi masa, a hankali, kanta a ƙasa: ina madogararka?